Jan Ɗigo a Kan Kamfas

"A mayar musu da kayansu," in ji Hajiya Sa'adiya. "Ba na ci, kuma ba mai ci a gidan nan."

Kular abincin tana nan bakin ƙofa inda Chundung, matar maƙwabcinsu Dalyop, ta ajiye ta ta juya. Ranar uku ce da rasuwar Injiniya Misbahu, mijin Sa'adiya na shekara talatin da shida, falon gidansu na garin Gaithersburg, can ƙasar waje, cike da matan da suka zo gaisuwa. Ba wadda ta tashi. Kowa ta san abin da ke tsakanin gidajen nan biyu masu bango ɗaya.

Tun shekarar da aka kashe ƙaninta Auwalu a rikicin Jos, Sa'adiya ta daina gaisawa da Dalyop da matarsa. Ba su yi mata komai ba, ita ma ta sani. Amma 'yan asalin can ne, ba Musulmi ba, kuma zuciya ba ta jin lallashi. Shi kuwa Misbahu, kamar da gayya, yana yin ritaya sai suka haɗa kai da Dalyop suka samo wani tsohon jirgin ruwa, irin ƙaramin nan da ake ɗaura wa ƙaton ƙyalle iska ta tura shi. Kowace Asabar sai bakin ruwan Annapolis. Tsofaffi biyu da furfura, wai su matuƙa! Shi Misbahu da ya tashi a Bauchi, ko rafi bai taɓa tsallakawa da iyo ba.

"Hajiya, ki zo sau ɗaya ki gani," haka yake ce mata yana ɗaura takalmi. "Wallahi in iska ta cika ƙyallen nan, ji nake kamar ina ɗan ashirin."

"Ka je ka ji kamar ɗan goma ma. Ni ba zan zauna wuri ɗaya da mutumin nan ba."

Shekara biyar yana roƙo, shekara biyar tana ƙi. Ranar Asabar da ta wuce ya fita da dariyarsa, aka kira ta daga asibiti bayan La'asar. Zuciya ce ta buga masa a tsakiyar ruwa, kuma ba kowa tare da shi sai Dalyop.

Hajiya Rumasa'u, wadda ta zo tun daga Hyattsville kuma bakinta bai san birki ba, ita ta tono abin. Ta gyara mayafi ta ce, "Allah ya jiƙan Injiniya. To amma dai ya samu cikawa da kalmar shahada ko? Don na ji an ce daga shi sai wancan. Kuma wai da ya faɗi, maimakon a nufo gaɓa da shi, sai aka ga jirgin ya juya ya nufi tsakiyar ruwa."

Sa'adiya ta ji kamar an zuba mata garwashi a ƙirji. Abin da take gudun tunawa ke nan kwana uku. Mutumin da bai taɓa barin sallar Asuba ta wuce shi ba, a ce ya tafi ba mai tuna masa Allah? Kuma duk duniya mutum ɗaya ne ya san amsa, shi ne wanda ta rantse ba za ta ƙara yi wa magana ba.

Washegari da hantsi ta ji ƙarar ruwa a bayan gida. Tana takaba, ba ta fita, amma tsakar gidanta ai gidanta ne. Ta ja hijabi ta tsaya jikin shingen katakon da ya raba su. Dalyop yana wanke rigunan ceto guda biyu da tiyo, ya rame, gemunsa duk ya fito fari.

"Hajiya," ya ce, ya kashe ruwan. "Ya haƙuri?"

Ba ta amsa gaisuwar ba. "Me ya sa ka juya jirgi da shi?"

"Hajiya…"

"Kar ka Hajiya ni. Mutum yana mutuwa a gabanka, gaɓa tana bayanka, ka nufi tsakiyar ruwa. Abin da kuka yi wa ƙanina bai ishe ku ba?"

Fuskarsa ta ɗaure. "Ni ban san ƙaninki ba. Ni ma an ƙone gidan yayata da ita a ciki, ban taɓa zuwa ƙofarki na ce ke ce ba." Ya jefar da tiyon. "Shekara biyar ina haɗiye wulaƙancinki saboda shi. Yanzu ba ya nan. In tambaya za ki yi, yi tambaya."

Ta so ta juya ta shige, ƙafarta ta ƙi. Da ƙyar ta ce, "Ya yi shahada?"

Dalyop ya sa hannu a aljihu ya fito da wani kamfas, abin nuna gabas da yamma, mai igiya, irin wanda ake ratayawa a wuya, ya ɗaga shi saman shingen. A gefen gilashin akwai ɗigon jan fenti.

"Shi ya ɗiga wannan. Alƙibla ce. Duk Asabar in Azahar ta yi, ni nake riƙe jirgin a kan jan ɗigon nan har ya idar, in ba haka ba iska sai ta juya shi yana cikin salla. Ranar da ya faɗi na kira masu ceto, suka ce suna hanya, minti ashirin. Na so in nufi gaɓa, ya riƙe mini wando. Ya ce, 'Dalyop, juya ni.' Na gwada ɗaga shi, na kasa, kin san jikinsa. To sai na juya jirgin kan jan ɗigon."

Sa'adiya ta dafa katakon.

"Hannu ɗaya ina riƙe da sandar tuƙi, ɗaya a kansa. A Jos na girma, Hajiya, na ga yadda kuke yi wa mai barin duniya. Na yi ta faɗa masa kalmar a kunne. Ya ɗaga yatsa ya faɗa, sau biyu. Na biyun ban ji ƙarshenta sosai ba, amma leɓensa ya kai."

"Kai? Da bakinka?"

"Da bakin wa kike so? Kifi?"

Hawayen da ta hana kanta gaban mata suka ɓalle, kuma haushi ya ƙara kama ta da ya zama gaban wannan mutumin ne. Ta goge da gefen hijabi, da ƙarfi.

"Da ka nufi gaɓa, wataƙila da yana raye."

"Wataƙila," in ji Dalyop. "Kwana huɗu ke nan ina tambayar kaina. Ba sai kin taya ni ba."

Ya ajiye kamfas ɗin a kan ginshiƙin shingen, ya kwashi rigunan ya shiga gida, bai waiwayo ba. Ita ma ta shige ta bugo ƙofa, har gilashin ya yi ƙara.

Da Azahar ta yi, ta yi alwala ta shimfiɗa darduma a inda ta saba. Ta tsaya za ta tayar da kabbara, sai ta fasa. Ta fita baya ba takalmi. Rana ta gasa kamfas ɗin, da ɗumi a tafin hannunta, igiyar tana warin gishiri da turarensa. Ta dawo ta ɗora shi a gefen darduma, ta durƙusa tana jira allurar ta daina rawa. Da allurar ta tsaya, Sa'adiya ta kama bakin dardumar ta ɗan ja ta hagu, har ta yi daidai da jan ɗigon.