Lallen Inna Yagana

Abu ɗaya muka roƙa, injin matsar man gyaɗa. Ƙungiyarmu ta mata masu ƙuli-ƙuli ce, a wani ƙauye kusa da Minjibir, kuma tun da na buɗe ido da hannu muke komai. A soya gyaɗa, a kai niƙa, a zuba a turmi a yi ta juyi da taɓarya har mai ya fito, sannan a matse tunkuza da zafinta. Inna Yagana, shugabarmu, ta fi kowa daɗewa a aikin. Tafin hannunta duk ya tsattsage, kafaɗarta ta dama kuwa ba ta ɗaguwa sai ta tallafo ta da hagu. Kowa ya san in injin bai zo ba, hannun nan ya kusa ajiye aiki, ga jikoki marayu a ɗakinta.

Akwai wani asusu da 'yan kasuwar Dawanau da wasu ma'aikatan birni suka kafa. Duk wata kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, in ya taru sai a zaɓi ƙungiyoyin ƙauye a tallafa musu. A bara inji ɗaya suka ware wa yankinmu, mu da matan ƙauyen gaba muke nema. Aka aiko cewa za a zo a gan mu ranar Laraba.

Na ce, "Inna, mu bar komai yadda yake. Su ga katangar da ta faɗi, su ga turmin da ya tsage."

Ta kalle ni kamar na zagi iyayenta. "Ke Kaltum, baƙi ne fa. Mutum ya taso tun daga birni, ki zaunar da shi a ƙasa ki baje masa tsiyarki? Mu ba a yi mana wannan tarbiyyar ba."

Shi ke nan, gari ya ɗauka. Aka liƙe katanga, aka yi shara har bakin hanya, aka aro darduma da kujerun roba. Tsohon turmi ya koma bayan rumbu, aka jera sababbin tukwanen amaryar maƙwabta. Kowa ta ciro ankon bikin bara. Inna ta yanka kajinta, har da mai kwanci. Sannan ta zauna aka zizara mata lalle, ja da baƙi, har tsagar nan ta ɓace tas. Wallahi ranar ta yi kyau, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Hajiya Zulaihatu ce ta zo daga asusun, mace mai fara'a, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ci kaza, ta sha fura, ta yaba ƙuli-ƙulinmu. Sannan ta gyara zama ta ce, "To Inna, wace wahala kuke sha a sana'ar nan?"

Inna ta ce, "Alhamdulillahi, Hajiya, sai godiya."

"Babu abin da ke damunku?"

"Asirinmu a rufe yake. In dai an samu injin, to madalla."

Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta watso mini harara, na haɗiye. Hajiya ta kamo hannun Inna ta juya shi, na ce a raina yanzu za ta ji kaushin. Sai ta ce, "Kai, wa ya yi miki lallen nan?" Ta ciro waya ta ɗauke mu hoto, Inna a tsakiya ta buɗe tafukanta tana murmushi.

Daga wurinmu ta wuce ƙauyen gaba. Su ko tsintsiya ba su ɗaga ba. An ce a kan buhu suka zaunar da ita, wata ta yi kuka har da majina. Ba na cewa ƙarya suka yi, talaucinsu na gaske ne, irin namu sak. Bambancin kawai su sun bari an gani.

Bayan wata guda Hajiya ta kira waya. Ta ce kwamiti ya yaba mana ƙwarai, mun tsaya da ƙafarmu, don haka an ba waɗanda suka fi buƙata. Inna ta yi mata godiya, har da a gaida gida. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi kukan baƙin ciki. Lallen ma bai gama gogewa ba tsagar ta dawo, ta fi da zurfi.

Da kaka na je Dawanau sarin gyaɗa. Ina tsaye a shagon wani Alhaji ana auna mini, sai na ɗaga kai na gan mu a bango. Ƙatuwar kalandar asusun ce, ga mu cikin anko, ga Inna da tafukanta a buɗe. Alhajin ya ga na ƙura ido, ya ce, "Kin ga aikin asusunmu ko? Duk wata ina zubawa. Dubi yadda matan nan suka yi ɓul-ɓul, ai kuɗin mutum bai tafi a banza ba."

Bai gane ni ba, don ranar ba ni da anko. Na ɗauki buhuna na fita.

Da na koma gida na tarar da Inna a bakin turmi. Ta ɗaure hannun dama da tsumma, jini ya ɗan ɓullo, tana matsar tunkuza da hagu. Na zayyana mata komai, ban rage ko kalma ba. So nake ta yi fushi ko sau ɗaya, ta ce Kaltum kin yi gaskiya.

Ta ci gaba da matsar tunkuza. Can ta ce, "Mutane da yawa suna gani?"

"Duk wanda ya shiga shagon, Inna."

"Tsagar hannun ta fito?"

"Ba ta fito ba."

Ta ce, "To alhamdulillahi. Miƙo mini ruwan zafin nan."