Kashi Shida Cikin Ɗari

Da hantsi Tahir ya gama zagaye iyakar gonar, kwamfuta a jakar bayansa, na'urar awo a hannu. Gonar ta gwaggonsa Hure ce, a wani ƙauye arewa da Ungogo inda fulotai suka fara cinye gonaki. Mijinta ya rasu bara. Ƙanen mijin, Yahya, ya sayar wa dillalan filaye tasa gonar da ke jikin tata, ya haɗa da kusan rabin tata a cinikin. Alƙali ya ce kowa ya kawo awonsa. Ba katanga, ba turke tsakanin gonakin biyu, sai layin gamba da aka dasa tun zamanin kakanni.

Ya zauna a gindin ɗorawa ya buɗe kwamfutar. Tsohuwa ce, batirinta da salatif aka ɗaure shi. Ya cire mata duk wani ado don ta rage shan wuta, saura baƙin allo da farin rubutu, komai sai ya rubuta mata umarni. Ya kuma hana ta yin barci idan an rufe murfi, don ta riƙa karɓar awo yana tafiya. Ya rubuta acpi -b don ya ga ƙarfin batirin. Layi ɗaya ya fito. Saura kashi shida cikin ɗari.

"Ya aka yi ka ɓata fuska?" in ji Hure.

"Awon yana ciki, Gwaggo, amma bai zauna ba tukuna. Kafin ta adana shi sai ta yi dogon lissafi, batirin ba zai kai ba. In ta mutu a tsakiya, komai ya tafi."

"To sai a sake. Ai ƙafarka ce za ta sha wuya, ba tawa ba."

Ba ta rufe baki ba adaidaita ta tsaya a bakin hanya. Yahya ya sauko da samari huɗu. Biyu suka nufi layin gamba da diga suka fara tugewa. Biyu suka nufo ɗorawa, ɗaya da gora, ɗaya da adda a kube.

Tahir ya gane babu sauran sake awo, tunda ana tuge iyakar. Hanya ɗaya ta rage masa: ya sa kwamfutar barci. A cikin barci za ta riƙe abin da ke kanta da 'yar wuta kaɗan, har a kai ta wurin caji. Ya fara rubuta systemctl suspend.

Hure ta riga ta isa layin gamba. Ta taka wani gindi da ƙafa biyu ta tsaya.

"Hure, koma gida," in ji Yahya. "Wannan ba maganar mata ba ce."

"Yahya, kai da na zuba wa tuwo tun ba ka da gemu? Ka ce su sare ni tare da ita."

Mai diga ya hankaɗe ta da ƙota. Ta faɗi a kan kunya, leɓenta ya fashe.

Tahir ya rubuta kalma ta farko da rabin ta biyu lokacin da gorar ta sauka a bayan hannunsa na dama. Ya ji ƙarar kafin ya ji zafin. Yatsu biyu suka lanƙwashe ta inda ba sa lanƙwasa. Bugu na biyu ya same shi a saman kunne. Ya kife a kan kwamfutar ya rufe ta da ƙirjinsa.

"Oga mai awo, tashi mu ga aikin," in ji mai gora. "Ko kai ma a auna ka?"

Suka shiga harbinsa da ƙafa a haƙarƙari. Mai adda bai zare ta ba, da kuben yake dukansa a gadon baya. Jini yana zuba daga kan Tahir a kan maɓallan. Da hannun hagu ya lalubo sauran haruffa huɗun, ɗaya bayan ɗaya, yana kallonsu ta ƙarƙashin hammatarsa. Ya danna babban maɓallin. Allon ya yi duhu. Fankar da ke ciki ta tsaya.

Suka janye shi ta ƙafa. Mai gora ya ɗaga gorar ya maka wa allon. Gilashin ya tsage daga sama har ƙasa.

"Ta mutu, Alhaji," ya ce wa Yahya.

Yahya ya sunkuya ya kara kunnensa. Bai ji komai ba. Ya tura kwamfutar da takalmi ta kife a gefe. 'Yar fitilar da ke ƙiftawa a jikinta ta koma ɓangaren ƙasa.

Kafin azahar babu gindin gamba ko ɗaya a tsaye. Sun cike ramukan da ƙasa, sun loda tushen a adaidaita, sun tafi.

Hure ta rarrafo ta yaga gefen zanenta ta ɗaure masa kai.

"Tashi mu je asibiti."

"Wurin Kallamu tukuna. Caji."

"Kai, ɗan nan, hannunka!"

"Gwaggo, ki ɗauke ta a kwance. Ki danne batirin da tafin hannu. In ya goce ko sau ɗaya, gonar ta tafi."

Ta naɗe kwamfutar a mayafinta ta rungume ta, tafinta a ƙarƙashi. Suka bi ta cikin dawa, shi yana tafe yana dafa kara. Sau biyu ya durƙusa ya yi amai. Ba ta saki hannunta ta taimake shi ba, shi ma bai nema ba.

Kallamu mai cajin waya yana da rumfa a bakin titi, da faifan sola a kan kwano. Ya gan su ya miƙe. Ya zare wayoyin mutane daga soket ya jona igiyar cajin kwamfutar da Tahir ya miƙa masa.

Tahir ya danna maɓallin kunnawa. Allon ya kawo haske, amma duk ya zama tabon baƙi da shuɗi, sai wani ɗan lungu a sama ta hagu mai faɗin akwatin ashana. Ya rubuta clear, rubutun ya koma can sama inda ake iya gani. Ya rubuta umarnin adanawa da yatsa ɗaya, a hankali, yana goge jini daga idonsa da kafaɗa.

Suka jira. Mutane suka fara taruwa a bakin rumfar. Wani ya ce a kira dagaci, wani ya ce 'yan sanda. Hure ba ta ɗaga kai ba, har yanzu tafinta yana ƙarƙashin batirin.

A cikin ɗan lungun sunan fayil ya fito, da girmansa a gefe. Tahir ya karanta shi sau biyu, ya kwafe shi a wayar Kallamu.

"Ki saki, Gwaggo. Ya zauna."

Ta zare hannun. Yatsunta sun ƙage, sai da Kallamu ya miƙe mata su. Sannan ta fita titi, leɓe a kumbure, ta tsayar da adaidaita zuwa asibiti.