Ƙofar da Aka Auna da Jaki

Raƙumin ya sa kai, ya sa wuya, sai ya tsaya cak. Tozonsa ya daki bakan ƙofar, kantun gishirin da ke rataye gefe da gefe ya kama bango, dabbar ta yi wani dogon gurnani kamar ana yanka ta. Buzun da ke riƙe da akala ya mayar da ita baya a hankali, ya juyo ya dubi Arzika ta tsakanin rawaninsa.

"Shi ɗan duƙa mana," in ji Arzika. "Ka ce mai shi duƙa."

"Raƙumi na, maigida. Ba surukinka na ba, balle shi shigo maka da durƙuso."

Mai maganar Agali ne, madugun ayarin gishirin da ya sauko daga Azbin ya iso Illela da hantsin nan. A wancan zamani Sarkin Musulmi ke da ƙasar, Nasara bai zo ya ja mata iyaka ba, Illela kuwa ɗan gari ce a kan hanyar Ƙonni zuwa Sakkwato. Sau ɗaya a shekara, bayan kaka, ayarin yakan yada zango a nan. Wanda Buzaye suka sauka gidansa shi ke nemo musu masu saye, shi ke cin la'ada, kuma abin da ya samu a kwanakin nan shi ke kai shi baɗi.

Wannan lissafin ne ya shiga kan Arzika ya ƙi fita. Shekara ashirin yana fatauci da jakuna, har gwiwoyinsa suka fara yi masa tsiya, kuma duk inda ya sauka sai ya ga mai masauki zaune a tabarma yana shan fura, arziki na zuwa yana same shi har gida. Sai ya sayar da jakunansa goma sha ɗaya, ya bar tsoho guda, ya kai wa mai gari gaisuwa aka yanka masa fili. Ya gina shigifa huɗu da azara mai kyau, ya shafe su da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa mai sa bango tauri, ya zagaye su da katanga. Ƙofar dabbobin kuwa Malami magini ya ja mata baka, ya zauna ya zuba mata zayyana, har mutanen ƙauyen Lafani idan sun zo kasuwa sukan ratse su yi kallo. Yanzu ga shi ba jaki sai tsohon nan, rumbunsa bai kai rabi ba, baƙon farko kuma ya kasa shiga.

Aka sauke kayan, aka sake gwadawa. Tozon dai ya ƙi.

"Raƙuma sha shidda gare ni da ba su da wurin kwana," in ji Agali. "Gidan Adda Asta ya cika. In anka yi azahar ba mu samu ba, gaba za mu yi." Ya ja dabbarsa zuwa gindin gawon da ke bakin hanya, inda mutanensa ke zaune.

Arzika ya tsaya yana kallon ƙofarsa. Kunya ce kawai ta hana shi zama a ƙasa. Daga baya ya karkaɗe riga ya nufi gidan da ya sha rantsuwar ba abin da zai koya a cikinsa.

Adda Asta Bafulatana ce, tsohuwa, tana saukar da ayari tun mijinta na raye. Gidan nata, in dai gida ne, fili ne fetal da darnin kara ya zagaye, sai rumfuna, sai rijiya da komin shayarwa, sai harawa tsibi guda. Arzika kan kira shi garke idan ba ta kusa. Yau garken nan ba inda za ka sa ƙafa: raƙuma a gurfane suna tuƙa, Buzaye na kwance kaya, masu saye daga Darna har sun fara taya gishiri. Ya same ta bakin rijiya tana yi wa wani faɗa a kan guga.

"Adda, ina kwana?"

"Lahiya lau, mai soraye. Na ji an ce baƙonka ya gaida ƙohwa ya koma."

Labari a Illela ba ya jiran mai shi. Arzika ya faɗa mata yadda aka yi.

"Da mi ka auna ƙohwar?" in ji ta.

"Da jaki."

"Da mi?"

"Da jaki, Adda. Amma da mangala cike, kuma ina bisa. Har da hula ban taɓa sama ba."

Adda Asta ta saki igiyar guga, ta dafa komi, ta yi dariya har sai da hawaye ya zubo mata. Buzaye biyu suka juyo suna kallo. Arzika ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige, ga shi kuma ba dama ya yi fushi, don shi ya kawo kansa.

"To ga dabara," ya ce da ta lafa. "Ki matsa ma raƙuman nan wuri nan, mutanen su kwana wajena. Ɗakuna ga su nan sababbi."

"Arzika, sa'adda kaka fatauci, ina kaka kwana?"

"Masauki mana."

"Cikin ɗaki?"

Shekara ashirin bai taɓa kwana a ɗaki ba idan yana kan hanya. Kullum kusa da turken jakunansa yake shimfiɗa, kunnensa ɗaya a buɗe, ko atishawa ɗayansu ya yi sai ya ɗaga kai. Wannan ta fi dariyar yi masa ciwo, domin ba abin da ta faɗa masa wanda bai sani ba.

"Ka gani ko?" in ji ta. "Gidan da kaka mafarkin kwana ciki shi ka gina, ba wanda baƙo ka biɗa ba. Mai gina gida don wasu, kahin shi sa tubali ɗaya sai shi tambayi kainai: wa za shi kwana nan, da mi za shi zo, mi za shi sha? Rijiya gare ka?"

"Ina da niyya."

"Raƙumi ba shi shan niyya. Bana su sha nan, amma ka gina taka kahin damina. Harawa hwa?"

"Babu, Adda."

"Ka aika Lafani yau, kahin su ji ayari ya yi yawa su ɗaga mata kuɗi. Ɗakunan nan naka kuma ba hasara ba ta. Gishiri ba shi son raɓa, ba shi son bakin awaki. Ni nan kullum da tabarmi nika hwama. Ka sa kaya ciki, mutane waje."

"Shigifa mai makuba, in sa mata gishiri?"

"Gishirin na ka biyan ka, ba barcin Buzu ba. In ayari ya wuce kuma kak ka bar gida shi kwana wohi wata goma, gara ta ka cinye shi. Akwai Adarawa masu zuwa cin rani, akwai dukawa, akwai 'yan koli. Ka ba su haya. Sai dai kowa za ka ɗauka, ka tambayi inda ya baro da wada ya baro. Ni na taɓa ɗaukar wani don ya iya gaisuwa, da za shi tahi har ƙyauren ɗaki ya ciro."

Arzika ya dube ta da kyau. Bai saba ganin mai sana'a na koya wa maƙwabci yadda zai ƙwace masa ciniki ba, sai ya tambaye ta dalili.

"Kana cewa don kyawonka na?" in ji ta. "In sha shiddan nan sunka wuce, za su ce Illela ba wuri. Baɗi ayarin duka sai shi canza hanya, ni da kai mu zamna muna kallon juna."

Ta shiga rumfa ta fito da dagi, irin mai nauyin nan na haƙar rami, ta miƙa masa. Bai tambayi na mene ne ba.

Rana ta kusa tsakiya lokacin da ya koma. Bai kai ga ɗaga dagin ba sai ga Malami magini a guje, riga a hannu, domin shi ma labari ya same shi.

"Arzika, don Allah! Wata biyu ina wagga zayyana. Ko gidan mai gari babu irinta."

"Na sani, Malami."

"To a sake ƙohwa ta baya mana."

"Baya gonar mutane ta. Gabas hanya ta matse, yamma kwari na. Nan ɗai na."

Malami ya duba gabas, ya duba yamma, ya ga gaskiya ce. Arzika kuwa ya dubi zayyanar. Yana son ƙofar nan, so na gaske. Kowace safiya sai ya fito ya tsaya gabanta kafin ya karya kumallo, kuma ita ce abu na farko a rayuwarsa da mutane suka taso daga wani gari don su gani. Ya waiwaya gindin gawo, ya ga wani Buzu ya fara ɗaure kaya. Ya yi bismilla ya ɗaga dagi.

"Tsaya!" in ji Malami. "Ba nan ba, za ka kada katangar duka. In dai sai an kashe ta, kawo in gwada maka inda aka bugu."

Haka aka yi. Maginin da ya ja bakan shi ya nuna inda za a sare shi, yana nunawa yana tsaki. Makuba ta yi tauri, sai da suka yi gumi sharkaf. Mutane suka taru, masu ba da shawara sun fi masu kwashe ƙasa yawa. Ladan na kiran azahar bakan ya rufto, aka faɗaɗa gefe da gefe, aka bar wani wagegen giɓi mai kama da bakin tsohon da haƙoransa suka zube.

Agali ya taso, ya tsaya a giɓin, ya buɗe hannuwa, ya ɗaga kai ya ga sama ce kawai a bisansa. Ya yi wa mutanensa magana da harshensu. Raƙuma goma sha shida suka shiga ɗaya bayan ɗaya da kayansu, ko bango ba su taɓa ba.

Kafin la'asar gishiri ya cika shigifa uku har bakin azara. Buzaye suka baza fatunsu a tsakar gida, kowa kusa da dabbarsa. Harawa ta iso daga Lafani, wani Bagobiri ya zo yana tambayar wa ke da maganar kantu a gidan nan, aka nuna masa Arzika. Karo na farko ke nan da aka nuna shi haka, ya ji daɗin abin har cikin ransa, ya gyara zama a tabarma kamar ya saba.

Da ciniki ya lafa, Agali ya zo ya zauna kusa da shi, ya sha furar da aka kawo ta ƙarƙashin rawani.

"Gidanka ya yi, maigida. Gishiri bai taɓa kwana wuri mai kyau hakanga ba. Baɗi in Allah ya kai mu, da ƙanena za mu zaka. Raƙuma arba'in."

"Allah shi kawo ku lahiya," in ji Arzika, bakinsa har kunne.

"Sai dai wuri." Agali ya nuna shigifa ta huɗu da haɓa, wadda ke tsaye a tsakiyar fili. "Wanga ɗaki ya tare rabin gida."

Ita ce babba a cikinsu, mai taga biyu, wadda Arzika ya hana a sa wa gishiri don ya ware ta ga manyan baƙi. Ya dube ta, ya dubi raƙuman da suka riga suka matsu da juna a jikin katanga.

Ana haka Adda Asta ta leƙo ta giɓin, ta ƙare wa gidan kallo, ta gyaɗa kai.

"To, mai soraye, kawo min dagina."

Arzika ya ɗauko shi daga jikin bango, ya juya shi a hannu. Ya sake duban shigifar, ya daɗe yana dubanta.

"Bar shi nan, Adda," ya ce. "Ban ƙare ba."