Warin da ke cikin amfilifayar Baba

Da Auta ya kwance murfin amfilifayar, sai da ya kau da kai ya tofar da yawu.

Na'urar ƙara sauti ce, ta marigayi mahaifinsa. Tsohuwa, mai fuskar ƙarfe da gefen katako, marar ƙarfi: ko an ƙure ta, muryarta ba ta wuce ƙofar ɗaki. Tun kafin a haifi Auta take kan kabad, Baba yana zaune a gabanta yana busa mata hayaƙin sigari. Ta daɗe da lalacewa kafin ƙirji ya kai shi kabari. Yanzu Umma ta ce a tashe ta.

"Kai da kake gyara wa mutanen gari wayoyi, ka kasa gyara ta ubanka?"

Shi ya sa take kan teburin shagonsa. Cikinta duk ya dafe da wani maiƙo ruwan ƙasa mai danƙo. Ƙwayayen kyankyaso jere a gindin wayoyi. Wata tsaka ta bushe a kan allon wayoyin, ta manne. Fiyus ya ƙone tun tuni, Baba bai sayi sabo ba, ya naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin sigari ya mayar. Auta ya ɗaga shi da hantsaki, ya daɗe yana kallo. Mutumin ke nan. A lallaɓa, a rufe, wani ya sha wahala daga baya.

Shi ya sha wahalar. Bayan rasuwa shi ya ƙone katifa, ya wanke labule, ya shafe bangon ɗaki da fenti. Umma ba ta taɓa riƙe karan sigari ba, amma shekaru ta yi tana tari kamar mai sha. Sai yanzu ƙirjinta ya fara lafawa.

Ya sa sifirit da tsohon buroshin haƙori ya hau gurza. Ruwan da ke gangarowa kamar fitsarin marar lafiya.

Mai walda na shagon kusa ya leƙo, ya toshe hanci. "Auta, gawa kake wa wanka?"

"Kusan haka."

Ya canza kafasitocin da suka kumbura, ya sabunta dalma, ya sa fiyus na gaske. Da ya haɗa mata lasifika biyu ya kunna, sai murya ta fito siririya, tas, kowace igiya ta kiɗan daban. Bai so ya yaba ba, amma ya tsaya ya saurara.

Sai ta ɗauki ɗumi. Wari ya taso a hankali, ya cika shagon: tsohuwar taba, toka, numfashin Baba da safe. Auta ya sunkuya a kanta. Ya bi da hanci har taransifoma. Takardun da ke naɗe a cikinta sun sha hayaƙin shekara da shekaru, inda buroshi ba ya kaiwa. Ya shanya ta a rana, ya shafa mata banish, man nan na shafa wa katako. A banza. Ya ciro wata daga matacciyar rediyo ya ɗaura, ya wurga tsohuwar a duron shara na bayan shaguna.

Da ya kai amfilifayar gida ya tarar da Yaya ta zo gaida Umma.

"Wannan ce ta hana ka sakat?" in ji Yaya, da ya kunna. "Ai wayata ma ta fi ta baki."

Umma ta taso. Kunnenta ya yi nauyi, don haka ta jawo kujera daf da kabad. Ta ɗora tafin hannu a kan murfin, ta jira ya yi ɗumi, sannan ta kai hanci. Ta sake kaiwa.

"Wannan ba tamu ba ce."

"Ita ce, Umma. Wanke ta na yi."

"Ka cire mata wani abu."

Auta ya dubi Yaya. Yaya ta dubi farcenta.

"Umma, wari kike nema?"

"Kai ka ce wari."

"Abin da ya kashe shi ne fa. Ya kusa haɗawa da ke."

"Kul! Ubanka ne." Ta kashe amfilifayar da kanta. "Ka ƙone katifa na yi shiru. Ka shafe bango na yi shiru. Wa ya aike ka? Abin da ka cire, ka mayar."

Ya ce ba zai mayar ba. Washegari Yaya ta kira shi a waya.

"Tun jiya ba ta sa komai a baki ba. Mai taurin kai, da ita za ka yi gasa? Wurin wa ka gado?"

Auta ya koma bayan shaguna, ya tarar duron ya cika da ruwan sama. Ya naɗe hannun riga ya zura. Ruɓaɓɓen ɓawo, sumar shagon aski, ƙunzugun jarirai, tsutsotsi farare suna hawa masa gwiwar hannu. Ƙudaje suka tashi suka rufe masa fuska. Mai walda ya tsaya daga nesa yana dariya har da riƙe ciki.

"Ka jefar da gawa, yanzu kuma tono kake?"

A can ƙasa Auta ya taɓo tsohuwar taransifomar. Ya yi amai a gefen bango, ya goge baki, ya kai ta rana. Da ta bushe ya auna ta, yana fata ruwa ya kashe ta. Lafiyarta ƙalau.

Ya kai ta gida, ya mayar, ya kunna. Umma ta zauna da kwanon abinci a cinya. Da warin ya fara tashi ta lumshe ido, ta kai loma.

"Auta, rufe mini tagar nan. Iska na kwashe shi."

Ya rufe. Kafin ya kai ƙofa ya ji tarin farko, busasshe, daga can ƙasan ƙirji. Bai waiwaya ba. Ya shiga ɗakinsa ya naɗe tabarma, ya cusa riguna a jaka, ya nufi shago.