Fedojin Dogo da Akwatin Kawu

Dogo yana da feda bakwai, na'urorin sauya sautin jitar bas da ake takawa da ƙafa, kowanne da launinsa da aikinsa, ya jera su a kan katako ya haɗa da gajerun wayoyi. Shekara shida yana tara su, kuma ba ya gajiya da ba da labarinsu. Kawunsa, wanda ya koya masa riƙon jita, ya rabu da nasa fedojin tun da ciwon baya ya sa shi gaba, ya koma amfani da akwati guda mai ɗauke da duk sautukan a cikinsa.

Ran nan da hantsi a situdiyo, mawaƙiyar da suke yi wa kiɗa ta ce kowannensu ya buga layin bas ɗin sabuwar waƙarta, ta zaɓi ɗaya. Suka buga, mai haɗa sauti ya naɗi na kowa. Da aka zauna hutu, Dogo ya shuri akwatin a hankali da takalmi.

"Kawu, wannan ai abin wasan yara ne. Mai kunne ba ya taka shi."

Aka yi dariya. Kawu ya ci gaba da goge tabaransa.

Mai haɗa sauti ya kunna na farko, bai faɗi na wa ba ne. Dogo ya yamutsa fuska.

"Kun ji ko? Kamar akuya a cikin tanki. Ba rai ko kaɗan."

Aka kunna na biyu. Ya lumshe ido, yana kaɗa kai.

"Yawwa! Wannan shi ne ƙarfe na gaske."

Mai haɗa sauti ya yi gyaran murya. "Dogo, akuyar taka ce. Na biyun na Kawu ne."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Dogo ya tsuguna yana taɓa wayoyin da ba abin da ya same su.

Sai da ɗakin ya watse ya iya ɗaga kai.

"Kawu, ka yafe mini. Bakina ya yi yawa."

"Fedojinka lafiyarsu ƙalau," in ji Kawu. "Duka bakwai ka kunna a waƙar da biyu suka ishe ta. Kawo jitar."

Dogo ya miƙa masa da hannu biyu. Kawu ya kashe feda biyar da yatsan ƙafa, ya ja tsirkiya ɗaya, ya ce masa ya matso ya saurara.