Ciyawar Jikin Katanga

Tun daga bakin ƙofa ta jiyo ƙaurin hayaƙi. Ta yar da jaka ta zagaya lungun katanga da gudu. Wuri fes, kamar an lashe. Mahaifinta na tsaye da fartanya a kafaɗa, yana tura sauran karare cikin wuta da ƙafa.

"Likitar Ciyawa, an dawo?" in ji shi. Sunan da 'yan gida suka liƙa mata ke nan tun da ta fara koyar da ilimin tsirrai a jami'a. "Kin ga na raba ki da dajin nan. Gida da yara, a bar wa maciji masauki?"

Wai daji! Ɗan tsiro ne mai fure ruwan ɗorawa, dangin furen rana, da ta tsinta shekarun baya a gefen wani rami inda ake fasa dutse. Ta bincike duk busassun tsirran da ke ɗakin ajiya na jami'a, babu irinsa. Manyanta a wurin aiki suka taɓe baki: a wannan dangi fure ba shaida ba ne, duk kamarsu ɗaya. Sai ta kawo nunannen iri an duba 'yan ƙayoyin kansa a madubin ƙara girma, sannan a yarda sabo ne. Kafin irin ya nuna, katafila ta baje wurin, aka kafa tashar mota. 'Yan saiwoyin da ta tono da hannunta su ne ta dasa a nan. Bara akuyar maƙwabta ta cinye furen. Bana ya yi, ya bushe, irin ya yi baƙi, gobe ta yi niyyar cirewa. Sunan Baba ma za ta raɗa wa tsiron, ta ɓoye ne don ta ba shi mamaki.

Ta gargaɗi yara, ta gargaɗi maigidanta. Wa zai ce sai an gargaɗi tsohon da ya zo jinyar gwiwa?

"Baba, wa ya aike ka?"

"Aike? Abin ya bushe fa. Ai na tukunyar nan da kika sayo ban taɓa ba, har ruwa na ba shi."

"Jinya ka zo ko noma? Mutum ba zai iya zama wuri ɗaya ba? Aikina na shekaru ka ƙone mini!"

Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ko tana yarinya. Tsohon ya jingine fartanya a hankali, ya zauna kan benci.

"Saboda ciyawa," ya ce. "To, madalla. Gobe zan koma gida."

Ta sa kara tana tona toka. Ko saiwa ɗaya bai bari ba. Aikin Baba ke nan, ba ya yin rabi da rabi.

Sai da ta juyo idonta ya sauka kan ƙafar wandonsa. Ga su nan, baƙaƙe, sirara, sun maƙale daga idon sawu har ƙwauri. Wayyo, iri! Ta zube a gabansa kan gwiwoyinta, ta kama bakin wandon, tana cirewa ɗaya ɗaya tana tarawa a tafi.

Sai ta ji hannunsa a kanta, yana warin hayaƙi.

"Tashi, uwata," ya ce, muryarsa ta karye. "Na yafe miki. Na san ba halinki ba ne. Tun da kika durƙusa, ai magana ta wuce."

Kunya ta rufe ta, don ta san ba shi ta durƙusa wa ba. Ta so ta faɗa masa gaskiya, amma ta ga ya fara motsi zai tashi, kuma in ya tashi wandon zai karkaɗe.

"Na gode, Baba," ta ce, ba ta ɗago ba. "Miƙo ɗaya ƙafar."