Awon Kwat ɗin Baba Anjikwi

Shekara ashirin da biyu ke nan makullin akwatin gilashi yana rataye a wuyan Dattijo Pindar da igiyar takalmi. A cikin akwatin akwai kwat ɗin marigayi Baba Anjikwi, wanda ya kafa cocin Rijiyar Rai da ke Bulumkutu. Kwat ne ruwan toka, mai maɓalli uku, irin wanda in ka gan shi a gwanjo ba za ka tsaya tayawa ba. Amma shi Baba ya sa a babbar falkaswar 1985, wato farfaɗowar bangaskiya, lokacin da aka kwana arba'in ana addu'a a gindin darbejiya, mashaya suna zubar da kwalabensu a kwata, mutane suna faɗuwa suna magana da harsuna. Yau duk wanda ya haura hamsin a cocin zai gaya maka yana wurin, har da waɗanda a lokacin suke aiki a Legas. Pindar dai yana wurin da gaske, shi ne mai hura fitila.

Kowace shekara, ranar tunawa da falkaswa, akan fito da kwat ɗin a ɗora a kan tebur gaban bagade, jama'a su yi layi su taɓa. An hana yanka, an kuma faɗi hakan a lasifika da Hausa da Turanci. Saboda haka ba mai yanka, tsinka kawai ake yi. Ɗalibi mai jarrabawa ya ja zare ɗaya, mai neman haihuwa ta ja biyu, wata tsohuwa kuma takan zo da reza a cikin hankici, ta durƙusa ta daɗe tana addu'a. Kafin a tashi, kwat ya koma kamar abin da ɓera ya kwana a kai.

Washegari Litinin sai Pindar ya naɗe shi a leda, ya hau keke napep zuwa Hausari, wurin tela Kashim. Ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda kwat yake warkewa duk shekara. Wasu sun ɗauki abin cikin al'ajibai, shi kuwa bai ce musu e ba, bai ce a'a ba.

Bana shekara arba'in cif da falkaswa, don haka Fasto Jona ya kira Pindar ofis tun saura mako biyu. Fasto Jona ɗan cocin ne, a gaban Pindar ya girma, kuma girman bai tsaya a shekaru ba. Mutum ne mai jiki, in ya shiga keke napep direba ba ya neman wani fasinja. Ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Yana son Baba Anjikwi har zuciya, hotonsa ne a bangon ofis, a gilashin mota, da fuskar wayarsa.

"Baba Dattijo," in ji shi, "Ubangiji ya yi mini magana. Bana ba taɓawa kawai za a yi ba. Kamar yadda Elisha ya ɗauki alkyabbar Iliya, haka zan sa kwat ɗin ubanmu in yi wa'azi a cikinsa. Baƙi za su zo daga Jos da Yola, za a kuma nuna kai tsaye a waya."

Pindar ya dubi Fasto, ya dubi akwatin gilashi, ya sake duban Fasto.

"Na sani," in ji Fasto. "A buɗa shi kaɗan. Inci shida ya isa."

Pindar bai saba musu da fasto ba. A ganinsa wanda Allah ya zaɓa ya shafe da mai ba a ja da shi, ko da kai ka koya masa ɗaura igiyar takalmi. Ya karɓi takardar awon, ya sa a aljihu, ya ce Allah ya kai mu.

Ya tarar da Kashim a bakin shagonsa, tabarau a kan hanci, yana fama da zaren da ya ƙi shiga allura. Tsoho ne Babarbare, kekensa na ƙafa ya girmi yawancin masu kawo masa ɗinki.

"Wushe, Malam Pindar. Ka yi sammako bana. Ba a ci shi ba tukuna, ka kawo?"

"Malam Kashim, wannan karon ƙari za a yi. Fasto zai sa."

Kashim ya karanta takardar, ya ɗaga ta sama kamar mai duba kuɗin jabu, ya ajiye. Ya shimfiɗa kwat ɗin a kan tebur, ya fara nunawa da bakin almakashi.

"Wannan hannun, ni na sa shi, shekarar da aka hana hawa babur. Wancan, shekarar da ta biyo. Kwala sau huɗu na canza ta. Bayan kwat ɗin, yadin wandon wani ma'aikacin banki ne da bai dawo karɓa ba. Shafin ciki nawa ne. Maɓallan nan daga rigar surukina suke. Aljihun hagu ne ya rage na asali, shi ma bara tsohuwarku mai reza ta tafi da shi."

Pindar ya zauna a kan benci. Ba wai bai sani ba, ai shi yake kawowa. Amma bai taɓa jin an jera masa su haka a zama ɗaya ba.

"To me ya rage na Baba ke nan?"

"Awo," in ji Kashim. "Shi ban taɓa ba. Ƙirji talatin da biyu, kafaɗa sha biyar. Da hannuna na zagaya masa tef, a nan inda kake zaune. Ya sayo shi a gwanjo ya yi masa daidai, daga baya ya riƙa dawowa yana cewa ya yi masa yawa. Sau uku na rage masa shi cikin shekara uku. Ko sau ɗaya ban ƙara ba. Na ce masa Malam, ka je asibiti. Ya yi dariya ya ce lafiyarsa ƙalau." Ya ɗauki alli. "Amma aiki aiki ne. In ka ce a buɗa, kafin la'asar na buɗa. Yadin ma akwai saura."

Pindar ya daɗe yana kallon allin. Ya san dalilin ragin nan uku, shi kaɗai ya rage a duniya da ya sani. Ya ga in allin nan ya hau kan yadi, abin da zai mayar cikin akwati kwat ɗin Fasto Jona ne wanda Kashim ya ɗinka, ya kuma ci gaba da yawo da makullinsa a wuya. Ya miƙa hannu ya naɗe kwat ɗin.

"A goge shi kawai," ya ce.

Mako biyun nan Pindar bai ji daɗinsu ba. Sau uku yana zuwa ofis don ya faɗa, sau uku yana tarar da Fasto cikin taron kwamitin rumfa, kwamitin abinci da kwamitin da ke kula da sauran kwamitoci. Fasto yakan ɗago hannu daga nesa ya ce, "An gama?" Pindar yakan ce, "An goge." Kowa ya tafi da abin da ya ji.

Ranar Lahadi coci ta cika har titi. An kafa ƙaton allon hoton Baba Anjikwi, wanda mai buga hoto ya ciko masa kumatu don ya yi kyau. Zumuntar mata sun sha anko, ganguna suna tashi, baƙin Jos da Yola sun zauna a kujerun gaba suna fifita da takardar shiri. A ƙaramin ɗakin da ke bayan bagade kuwa, Fasto Jona ya tuɓe babban kwat ɗinsa, ya juya baya, ya miƙa hannu kamar yadda ake yi wa manya.

Hannun ya shiga har gwiwa, ya tsaya.

Fasto ya tura. Ɗinki ya yi ƙara kaɗan. Ya juyo da fuska, gumi ya riga ya keto masa.

"Baba Dattijo, me telan nan ya yi?"

"Bai yi komai ba, Fasto. Ni na hana."

"Ka hana? Mutum dubu suna jira a waje! Na sanar, an buga a takarda!"

Tunda Pindar yake bai taɓa tsayawa gaban fasto haka ba. Amma muryarsa ta fito yadda take fitowa in yana karanta sanarwar ɗaurin aure. Ya gaya masa zancen hannu, da kwala, da wandon ma'aikacin banki, da maɓallan surukin Kashim. Ya ce awo kaɗai ya rage, shi kuma ba zai iya kai shi a yanka ba. In an ga dama a karɓi makulli.

"Awo!" in ji Fasto. "Awo shi ne shafewa? Baba azumi ya ramar da shi, kowa ya sani. Ni ma ina azumi."

"Yana azumi kam. Amma ba azumin ba ne." Pindar ya gyara igiyar wuyansa. "Bayan falkaswa da shekara biyu mahaifinka ya rasu, ya bar mamarka da ku biyar. Ikilisiya tana kai wa Baba abinci sau ɗaya a rana, da rana. Ni nake karɓowa. Sai ya sa cokali sau biyu don kada in yi ƙarya in an tambaye ni ko ya ci, ya rufe, ya ce in ɗaura a bayan kekena. Shekara uku ina kaiwa gidanku, har yayanka ya sami aiki. Inci shidan nan da ka ce a ƙara, Fasto, ina jin uku daga jikin Baba suka fito."

A waje mai jagoran waƙa ya sake ɗauko amshi karo na huɗu, yana leƙen ƙofa. Fasto Jona ya nemi kujera ya zauna, kwat yana lilo a gwiwar hannunsa.

"Kwano shuɗi," ya ce a hankali. "Mai murfin da ya lotsa."

"Shi ne."

"Mama ta ce daga zumuntar mata ne."

"Haka Baba ya ce a ce."

"Ni nake kankare ƙanzon. Har faɗa muke yi a kai." Ya yi kamar zai yi dariya, sai abin ya juye masa. Ƙaton mutum, mai coci guda, ya sunkuyar da kai yana kuka kamar ranar da aka binne ubansa. Pindar ma idonsa ya cika, amma hankalinsa yana kan ɗinkin kafaɗa, wanda yake buɗewa kaɗan kaɗan duk lokacin da Fasto ya ja numfashi.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka ce baƙi suna jira. Fasto ya share fuska da hannun da ke sake, ya yunƙura zai fizge ɗayan.

"Kada ka ja," in ji Pindar, ya durƙusa ya riƙe bakin hannun kwat ɗin da yatsu biyu. "Saki jikinka, ɗana. A hankali za mu fitar da kai."